Ranar da Na Bar Gudaji a Tukunya

Mun tashi da asuba daga garin Hyattsville na Amurka, ni da maigida da 'yarmu, ƙanƙara ta daskare a gilashin mota har sai da aka kankare. Springfield muka nufa, gidan mahaifiyar saurayin da zai auri yarinyar, dattijuwa 'yar ƙasar Holland. Wannan ce haɗuwarmu ta farko, kuma a al'adar gidansu ba a zaman magana sai an dafa abincin lokacin sanyi tare.

Babbar hanyar da ta zagaye Washington ba ta da cunkoso ranar Asabar, sai dai maigida ya kauce wa layin da ake biya, yana cewa ba zai sayi hanyar da harajinsa ya gina ba. Muka haye kogin Potomac, muka tsaya wani kanti. Farashin dankalin Turawa ya ɓata mini rai matuƙa, ni da na tashi a gonar dankali a Bokkos.

Dattijuwar ta tarbe mu da fara'a. Abincin, stamppot sunansa: dankali ne da wani ganye mai kauri, dangin kabeji, ake dafawa a tukunya ɗaya, a sa madara da man shanu, a dandaƙa. Da yake ciwon gaɓoɓi ya kama hannunta, sai ta miƙo mini ƙarfen dandaƙawar.

Na karɓa, na tuƙa shi kamar yadda uwata ta koya mini tuwo, ba sassauci, har babu gudaji ko ɗaya. Da na ɗaga ƙarfen, sai abincin ya biyo shi kamar danƙo.

Dattijuwar ta dafe kai. "Wayyo, kin kashe shi! Ina gudajin?"

Raina ya ɓaci. A garinmu, gudaji abin kunya ne ga mace. Yau ga shi ana nemansa a hannuna. Na buɗe baki zan yi bayani, sai 'yata, wadda ta saba amsa mini da Turanci, ta raɗa mini da Hausa: "Mama, don Allah."

Na ɗauki wuƙa. Na fere sabon dankali da kaina, cikin saurin da ya sa dattijuwar ta saki baki. Da ya dahu, wannan karon na danna a hankali, na bar gudajin da gangan, zuciyata tana ƙi. Dattijuwar ta yi rami a tsakiyar abincin kowane faranti, ta zuba romo, ta ɗora kyafaffen nama. Ta ɗanɗana, sannan ta ce tun rasuwar mijinta ba ta ci irinsa ba. A teburin nan aka sa ranar aure.

Mun iso gida da yamma, kaina a sama. Na koyi cewa gwaninta ba ta cika sai hannu ya san inda zai tsaya. Dattijuwar ta ce za ta zo koyon tuwo, na kuwa shaida mata a gaban kowa: a tukunyata, ko gudaji ɗaya ba zan yafe ba.