Ce Masa Ya Kashe Inji

Zulfa mai bandar kifi ce a Haɗeja, kuma duk wanda ya taɓa taya kifinta ya san bakinta ya fi wuƙarta kaifi. Aure biyu ta yi, kowane miji ya ce ta zaɓa, ko shi ko yayanta. Ta zaɓa. Shi ya sa har yau tana gidan uwarta, Inna 'Yar'azumi, tare da yayan nata Abdulmannan.

Mannan ya haura arba'in, ƙato ne, buhun shinkafa yake saɓawa kamar ƙunshin wanki. Matsalar a kai take. Karatu ya gagara tun yana yaro, in kuma aka ba shi aiki uku a jere, na farko zai yi tsaf, sauran su bi ruwa. Abin da yake so a duniya ɗaya ne, fadama. Shi ke ban ruwa a gonar shinkafar Kawu Zarami, ƙanin Inna, har ranar da mesa ta fita daga ruwa, injin ban ruwa yana ta ruri, shi yana can yana kallon balbelu. Inji ya ƙone. Kawu ya ce kada ya sake ganin ƙafarsa a gona.

Mannan ya tare a zaure, fuska ga ƙofa. A kai tuwo, a dawo da tuwo. Ƙaton nan ya fara zubewa.

Zulfa ta shiga nema. A asibiti aka ce sai Kano. A wani ofis, da suka ji ta ce nakasa, sai ga shi ana turo mata keken guragu.

"Malam, mutumin nan in ya ruga, babur ɗinka ba zai kamo shi ba," in ji ta. "Kansa nake nema wa sanda."

Ƙarshe ta dangana da Haris mai gyaran waya a bakin kasuwa. Ya yi ta lalube a intanet.

"Hajiya, manhajojin waya akwai su rututu. Wata tana karanta rubutu, wata tana tuna wa mutum aiki. Sai dai duk Turanci suke ji."

Ya nuna mata wata, kuliya sanye da hula tana rawa tana koya wa yara baƙaƙe.

"Haris, ka taɓa ganin gemun yayana kuwa?"

Sai ya kawo dabara: a ɗauki muryar wani, a sa waya ta riƙa faɗa in lokacin kashe inji ya yi. Zulfa ta kai wa Kawu magana. Ya ce, "Gwaji ɗaya. In ya sake, ke da shi ku nemi wani kawun."

Aka fara da muryarta, a tsakar gida. Mannan ya kalli wayar sheƙeƙe. "Ke Zulfa, ni na goya ki. Ba ki isa ki aike ni ba." Aka gwada ta Kawu, ya jefar da wayar ya ɓuya bayan rumbu.

Saura Inna, wadda bai taɓa tsallake maganarta ba. To amma Mannan ɗan fari ne. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta yi masa magana kai tsaye. Tun da Zulfa ta iya magana, ta bakinta saƙo ke bi. Zulfa ta yi roƙo, ta yi magiya. Daga ƙarshe Inna ta juya fuska ga bango, ta ja mayafi ta rufe baki, ta ce wa wayar, "Zulfa, ce masa ya kashe inji."

"Inna, ni fa ba na can!"

"To ni da bakina? Rashin kunyar ba ta kai nan ba."

Haris ya ce ai saƙon ya fito, zai gane.

Ranar gwaji Zulfa tana kasuwa, tana tsakiyar ciniki, sai ga Mannan a guje, taɓo har gwiwa, waya a hannu biyu kamar ya ɗauko ƙwai.

"Zulfa, Inna tana kiranki. Akwai abin da za ki ce mini."

"Injin fa, Yaya?"

"Yana can yana aiki."

Ko da ɗan acaɓa ya sauke su, ruwa ya cika gonar ya ɓalle, ya kwantar da dashen maƙwabci. Kawu ya riga ya kashe inji, yana tsaye yana huci. Ya dubi Mannan, ya ga yadda riga ta yi masa yawa, sai ya sassauta murya.

"Ya ci gaba da zuwa. Amma ƙafarsa ƙafarki. Ran da ba ki zo ba, ya zauna a gida."

Yanzu wata Aziza ce ke zama a wurin Zulfa a kasuwa. Ita kuwa tana bakin gona, ƙarƙashin bishiyar giyayya, sauro yana cin rabonsa. In lokaci ya yi, waya ta yi magana daga aljihun Mannan, ya juyo ya zuba mata ido yana jira.

"Yaya, Inna ta ce ka kashe inji."

"To," in ji shi, ya je ya kashe. Sannan ya dawo ya tambaye ta ko da sauran ɗumame.