Kawu da Kwalbatin Kinkinau

Wata uku na yi a ofishin wani kamfanin kwangila a Malali, aikina ɗaga waya da ba baƙi kujera. Da za su shiga kasuwar hannun jari, manaja ya ce duk wadda ta kawo masu saye za a tabbatar mata da aiki, wadda ba ta kawo ba ta kama gabanta. Ya miƙo mini fom da wani littafi mai kauri, Turanci zalla, wai duk amsa tana ciki.

Na nufi Abakpa wurin Kawu, yayan mahaifiyata, wanda ya yi ritaya daga ma'aikatar ayyuka. Tsofaffin da ke zama ƙofar gidansa bayan la'asar ko buhun taki ba sa saye sai ya ce to.

Ko buɗe littafin bai yi ba.

"Ke, motocin aikin nan nasu ne ko haya ce?"

"Kawu, yana ciki."

"Ba littafi na tambaya ba. In gwamnati ta canza, wa zai ba su aiki? Kuma suna taɓa kuɗin ruwa?"

Washegari na kai wa manaja tambayoyin. Ya ce su karanta. Na ce yallaɓai, mutanen nan daga bakin mutum suke son ji. Ya ci gaba da latsa waya.

Da na koma, Kawu ya ce a jira ruwan sama tukuna. Ni mako biyu ya rage mini, shi yana kallon hadari! Ranar da aka wuni ana tsugawa, ya sa ni gaba a keke napep har Kinkinau, inda kamfanin ya yi kwalbati. Ya tattare riga, ya shiga taɓo da guntun rodi, yana ƙwanƙwasa kankare yana kasa kunne. Jama'a na kallonmu. Takalmina ya cika da ruwa, sai tsaki nake yi.

"Aiki ya yi kyau," in ji shi. "Ba su ci siminti ba."

Nan take na zaro fom.

"Dakata. Akwai titin da suka yi a bayan gari, sai mun ga yadda zai fita damina."

"Haba Kawu, Juma'a za a rufe! Aikina ne fa!"

"Fanshon mutane ne fa, 'yar nan."

Na san yana da gaskiya, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ranar Juma'a na dire fom ɗin a teburin manaja ba ko ɗigon biro, na ce masa tambaya uku kacal ya kasa amsawa. Ya ce in bar makullin durowa wurin mai gadi.