Shaidar da na yi wa mota ta wata biyu

Shekarun baya can, a shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki, na sayi motata ta farko, 'yar Kwatano mai ruwan toka. Da rani na saye ta. Kullum da safe sai na wanke ta a ƙofar gidanmu a Kwaciri, ko da kuwa ba inda za ni.

Tana da wata biyu a hannuna surukina ya aiko a kira ni. Ya ce zai sayi mota, ya ji ana yabon tawa. "Yaya ka same ta?"

Ni da ban taɓa haɗa jimla uku a gabansa ba, ranar sai ga ni ina zuba. "Ai Baba, ba ta shan mai, ba ta zafi, ba ta da matsala ko ɗaya. Ka rufe ido ka saya."

Washegari na kai ta juyen mai Sabon Gari, wajen bakanikena, wani dattijon Bayarabe haifaffen Fagge. Na ba shi labari ina jiran ya yaba min. Ko ɗagowa daga kan injin bai yi ba.

"Malam, ta yi damina a hannunka?"

Na ce a'a.

"Ka taɓa neman kayan gyaranta ka rasa? Ka taɓa jin haushinta har ka kwana biyu ba ka wanke ta ba?"

Na ce a'a.

"To ai ba ka san ta ba tukuna. Gaisawa kawai kuka yi."

Maganar ta tsaya min a rai, amma kunya ta hana ni komawa in janye shaidata. Surukina kuwa ya sayi irinta sak, har launin.

Ruwan farko mai ƙarfi ya same ni a Titin Ibrahim Taiwo. Ina shiga inda ruwa ya taru, mota ta ɗauke. Ashe irin wannan, da ruwa ya taɓa wayoyin wutarta shi ke nan. Ina ta murza mukulli, sai na hango wata mai ruwan toka a gabana, wani dattijo ya tattare babbar riga a kafaɗa yana turawa. Ina dubawa, sai ga shi surukina ne. Wallahi da da hali da na kwanta a ƙasan kujera.

Na fito na kama masa. Muna turawa ya waiga ya ga tawa a tsaye a baya. Abin da kawai ya ce shi ne, "Af, kai ma?"

Har yau ina tambayar kaina yaushe mutum ya cancanci ya ce ya san mota. Shekara ce, ko damina biyu, ko sai ta kunyata shi a gaban jama'a ya kuma ci gaba da hawanta? Ni dai na sayar da tawa kafin shekara. Surukina ya riƙe tasa fiye da shekara goma, ya san duk wani tarinta, har leda yake ɗaura wa wayoyin in ya ga hadari.

Amma duk wanda ya tambaye shi game da motar a gabana, sai ya nuna ni ya ce, "Ku tambayi wannan, shi ne masaninta."