Mai Zaɓen Launi a Tashar Ƙanƙara

Muna jiran motar Sabuwa ta cika, wani mutum yana zaune shi kaɗai a ƙarshen benci. Zai kai hamsin, furfura ta fara cin gemunsa, tabaransa ɗaure da zare. A cinyarsa akwai bango biyu da ya zana na mujallar waƙoƙin matasa, ɗaya ruwan ɗorawa, ɗaya shuɗi. Ya ɗaga wannan, ya aje, ya ɗaga wancan.

'Yammatan sakandare na wucewa, ya buɗe baki kamar zai kira su, sai ya fasa, ya juyo gare ni.

"Malam, 'yar shekara sha biyar, wanne za ta ɗauka? Gobe za a buga."

Na ce ya tambayi yaran gidansa mana.

"Ɗiyata Hamida ke zaɓa mani," in ji shi. "Tunda aka tashi ƙauyenmu tana Kaduna wurin gwaggonta, ba ta da waya."

Ina jin da kansa ya kai ta, ya dawo gida ba kowa. Direba na kiranmu, shi bai tashi ba. Yana maida shuɗin bangon cikin jaka, ya ce a hankali, "Ina jin ba ta son wannan. A da dai ba ta so."