Ƙuri'ar da aka aike ni da ita

A shekarata ta uku a jami'a 'yan'uwana ɗalibai suka zaɓe ni delege, wato wakilinsu. Ba don na fi kowa ilimi ba ne, baki gare ni, kuma ba na tsoron shiga biron kowa, ofishin kowane babba ina kutsawa. A lokacin, in za a zaɓi shugaban tsangayarmu malamai ke da mafi yawan ƙuri'u, mu ɗalibai a ba mu 'yan kaɗan. Ɗaya daga cikin 'yan kaɗan ɗin nan a hannuna take.

Mutum biyu suka tsaya. Ɗaya wata malama ce mai tsanani, ba ta dariya da kowa, amma takardun jarrabawarmu ba sa yin wata a hannunta. Ɗayan mutumin Dungas ne, ɗan yankinmu. Muka yi taro a inuwar dogon yaro tun hantsi har azahar, aka yi ta cacar baki, daga ƙarshe aka ɗaga hannu, malamar ta yi rinjaye nesa ba kusa ba. Ni na ƙirga hannuwan. Ni ne kuma na hau benci na ce duk delegen da ya ci amanarmu, Allah ya isa. Kai, bakin nan nawa!

Saura kwana biyu zaɓe mutumin Dungas ya hango ni ya kira ni. Wallahi bai roƙe ni komai ba, kada in ɗora masa abin da bai yi ba. Tambayata ya yi ko ni ɗan Guci ne, ya ce ya san gonarmu ta bayan kasuwa, ya taɓa shan fura a zauren mahaifina yana ɗan kwaleji. Ya ce in gaida tsoho. Shi ke nan fa, amma na fito kaina ya kumbura. Ranar zaɓe na shiga bayan labule ni kaɗai, na ninke takardarsa na jefa. Shi ya ci. Da ɗalibai suka tare ni a waje na ce musu na sauke nauyin da suka ɗora mini, malamai ne suka fi mu yawa. Har wata 'yar ajinmu ta ba ni haƙuri.

Hutun damina na hau kabu-kabu daga Dungas zuwa gida, na tarar ana maimai, noma na biyu, a gonarmu. Wata rana muna hutawa a gindin aduwa na kwashe labari na ba Baba, ina jira ya sa mini albarka. Sai ya ajiye ƙwaryar da ke hannunsa.

"Su yaran da suka aike ka, shi suka ce?"

"A'a Baba, wata mace suka ce. Amma ai shi ɗan gida ne."

"Ka faɗa musu ka sake shawara?"

"Ba a faɗa, Baba. Zaɓen sirri ne, bayan labule ake shiga."

Ya juya ya dubi hatsi. Sannan ya ce su a Guci, in za su zaɓi mai riƙe mabuɗin rumbun gari, fili suke fita da rana tsaka, kowa ya tsaya a bayan wanda yake so. Ya ce bara ya tsaya bayan wani ya bar ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya, yana kallonsa, shi ma yana kallonsa. Wata biyu ƙanen bai gaishe shi ba, amma ya san inda wansa ya tsaya.

Raina ya ɓaci. Na shiga yi masa karatu, wai labule don ya kare talaka daga fushin manya ake sa shi, wai haka duniya ke yi yanzu. Ya bar ni na gama tsaf.

"Na ji, yana kare ka daga manya," ya ce. "Su waɗanda suka aike ka fa, su ma daga gare su yake kare ka? Da ƙuri'ar taka ce, ka ba wanda ka ga dama. Wannan aike ne, ɗan nan. In ka koma ka faɗa musu."

Na ce to.

Na koma. A taron farko na hau benci, idanu suka yo kaina, da niyyar in faɗa musu gaskiya na hau. Na buɗe baki sai na ji ina zancen abincin ɗalibai da ƙarancin kujeru a aji. Aka tafa mini. Tsoro na ji, ba wani abu ba, tsoron ihun da ni kaina na koya musu.

Baba ba shi da waya. Wata ranar kasuwa ya ari ta maƙwabcinmu ya kira ni, ko gaisuwa bai ƙarasa ba.

"Ka faɗa musu?"

"Na faɗa, Baba."

"Me suka ce?"

"Sun yi fushi, amma sun haƙura."

Na ji ya sauke numfashi. Ya ce alhamdulillahi, Allah ya yi mini albarka. Da kaka, ana cikin ɗaurin dammunan hatsi, zazzaɓi ya kwantar da shi, kwana huɗu Allah ya karɓi abinsa. Ban same shi da rai ba.

Muna zaman gaisuwa a ƙofar gida limamin unguwarmu ya matso kusa da ni ya riƙe hannuna. Ya ce marigayi ba mai yabon 'ya'yansa ba ne, kowa ya sani, amma ni ya yabe ni. Ya ce wata rana bayan la'asar Baba ya tsayar da su a bakin masallaci, ya ce ɗansa na jami'a ya yi kuskure a kan amanar jama'a, kuma ya miƙe a gabansu duka ya faɗa da bakinsa. Liman ya ce tun da yake da Baba bai taɓa ganin farin ciki a fuskarsa irin na ranar ba.

Dattawan da ke kan tabarma suka yi ta cewa haka aka yi, suna wurin, Allah ya ƙara mana irinka. Na sunkuyar da kai na ce amin.