Gamba a Gonar Taubashi

Gonar mahaifiyata tana gangaren wani tudu a bayan Fagam. Ita kaɗai mahaifinmu ya bari, kuma daga cikinta gidanmu ke ci. Shekarun baya ruwa ya fara cin ta. Da farko 'yar siririyar hanya ya yi, wadda mutum zai tsallake bai lura ba. Kafin mu ankara ta zama kwazazzabo mai iya ɓoye akuya, kowace damina kuma sai ya ƙara faɗi.

Ni a Birnin Kudu nake aiki, sai ƙarshen mako nake zuwa gida. Yayana ne ke noma gonar. Mun jera buhunan yashi, ruwan farko ya tafi da su. Da malamin gona ya duba, sai ya ce can sama ake rage wa ruwa ƙarfi: a dasa gamba layi-layi a gicciye, a jera duwatsu a gindinta. To, saman ba namu ba ne. Gonar wani dattijo ce, ɗan kawun Inna, wato taubashinta.

Yayana ya same shi a bakin masallaci, ya ce za a yi aikin tare ruwa ta wajensa. Dattijon ya ce Allah ya taimaka. Da ƙasa ta jiƙa, yayana ya dasa layin farko. Washegari ya tarar an tumbuke gambar duka, an tara ta a kan iyaka, an danne da dutse.

A wajenmu da gamba ake shata iyakar gona. Idan rikici ya kai gaban mai unguwa, abin da yake fara tambaya shi ne ina gamba take, wa ya dasa ta. Dattijon ya ga layinta a cikin gonarsa, an dasa da hannun wani, ya san abin da hakan zai iya zama nan gaba.

Yayana ya yi fushi, ya ce a bar maganar. Inna ta yafa mayafi ta ce in raka ta. Mun sami dattijon yana ba shanunsa harawa.

"Kai da ko gashin kanka ba ka iya riƙewa ba," in ji ta, "ƙasa za ka riƙe?"

"Ke kuwa da wayo aka haife ki. Yau ciyawa, gobe in tarar da rumbunki."

Suka yi dariya, sannan ya gyara zama. Ya ce ba ita yake tsoro ba, ranar da babu shi babu ita yake tunani, lokacin da jikoki za su tsaya a kan layin nan kowa yana rantsuwa. Inna ba ta musa ba. Ta dai tuna masa cewa kan kwazazzabo sama yake hawa, in ya gama da tata, tasa ce a gaba.

"To ka dasa da hannunka," ta ce. "Duwatsu namu, gamba taka. Da kaka ka yanke abinka ka saƙa zana."

Ya ƙara wa shanun harawa, sannan ya ce a kira mai unguwa ya shaida.

Haka aka yi. Shi da 'ya'yansa suka dasa, mu muka yi dakon duwatsu a amalanke, maƙwabta suka shigo gayya. Duk wanda ya wuce ya ga wanda ke riƙe da fartanya.

Kwazazzabon bai rufe ba har yanzu, amma ya daina faɗi, kuma bai taɓa gonar dattijon ba. Ruwa na saukowa a hankali, yana barin laka a bayan duwatsu. Bana lakar ta taru a kan ramin har Inna ta sa aka shuka mata kuɓewa a wurin.