Inna Larai Mai Tausar Karnuka ta Unguwar Lalle

Da an idar da sallar asuba a Unguwar Lalle, Inna Larai takan ɗauki tsohon buhu ta shimfiɗa a bayan danga, can nesa da inda ake alwala, ta ɗora ɗan kaskon man kaɗanya a kan garwashi. Kafin man ya narke masu karnuka sun fara isowa: mafarauci da karensa mai ɗingishi, makiyayi da karyar da saniya ta harba. Takan fara miƙa wa kare bayan hannunta ya shinshina. Ba ta taɓa farawa ta inda ciwon yake. Daga bayan kunne take tashi, ta bi wuya, ta sauka kafaɗa, ta bi gefen ƙashin baya da babban yatsa har cinya, tana magana ƙasa-ƙasa. Inda ta ji tsoka ta ɗaure kamar ƙulli, nan take tsayawa ta yi ta murzawa har ta saki. Inda ta ji zafi da kumburi ba ta dannawa, jiƙaƙƙen tsumma take ɗorawa. Karaya ta maɗori ce, can take turawa. Karen da ya zo yana dalalar miyau da jajayen idanu kuwa ba ta ko bari a shigo da shi. In ta gama, ta wanke hannu da toka da sabulu har gwiwa, ta koma harkar gidanta.

Haka ta yi tun tana amarya har bana, da ta haura saba'in, yatsunta suka kanannaɗe, ta ce ta ajiye. Wajen mahaifinta, wani maharbi na Gatawa, ta koya. Aiki ne da ba ya jawo wa mutum girma a ƙasarmu. An yi shekaru mata na janye ƙwaryarsu idan ta zo rijiya. Shi ya sa ya dace a faɗi abin da ta yi a farin shekarar alif ɗari tara da tamanin da huɗu, tun waɗanda suka gani da idonsu suna raye.

A shekarar, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Gulbi ya koma yashi. Maza suka watse kudu neman abinci, har da mijinta Amiru, wasu tungaye kuma suka tashi gaba ɗaya, aka bar bukkoki da karnuka. Mata na tone gidan tururuwa suna neman ƙwayar hatsi, suna jiƙa 'ya'yan itacen anza kwana da kwanaki don ɗacin ya fita.

A lokacin ne karnukan da ba su da masu su suka fara zuwa ƙofar Larai. Malami, wani mafarauci maƙwabcinta wanda har yau yana nan da ransa, ya ce abin da ya fi tayar masa da tsikar jiki shi ne shirunsu. Da tsakar rana suke shigowa, ɗaya bayan ɗaya, haƙarƙari a waje, su kwanta a jere a inuwar danga suna kallon ƙofarta. Babu haushi, babu faɗa. Ba wanda ya nuna musu gidan. Ita kuma ba ta da abin ba su sai dusar da ta tankaɗe daga nata ɗan rabon hatsi, ta dama da ruwan wanke tukunya ta curo ƙanana. Ta ba kowa nasa, sannan ta bi su da hannu.

A cikinsu akwai wani ja mai yankakken kunne. Shi ba ya kwanciya. Yakan karɓi curinsa a baki, ya juya ya nufi arewa, ba a sake ganinsa sai washegari.

A waɗannan kwanakin kuma wata magana ta cika gari. Matan da ke zuwa tsinkar anza kusa da kufan Tungar Gawo, wata tunga da mutanenta suka tashi tun farkon fari, suka dawo a guje babu kwando babu takalmi. Suka ce suna cikin tsinka, rana na tsaka, suka ji murya daga ƙarƙashin ƙasa, a shaƙe, tana jan magana: “Bar su… bar su…” Aka ce mutanen ɓoye ne suka hana a taɓa anzarsu. Daga ranar ko mai neman itace bai ƙara bi ta wajen ba.

Sai aka wayi gari an ga alamun tono a gefen maƙabarta. Ko kare ne ko dila, ba wanda ya gani, amma idanu suka koma gidan Larai. Wasu suka fara raɗa cewa mace ba ta tara karnuka su yi mata shiru haka sai da wani abu a tare da ita.

A tsakiyar wannan ne jan karen ya iso wata rana yana jan ƙafafun baya a ƙasa, ya faɗi a bakin danga. Larai ta ɗauke shi kamar ɗan akuya ta kwantar a kan buhu. Cinyoyinsa sun sandare kamar itace, tafin ƙafarsa ya tsage. Ta yi kwanaki a kansa, safe da yamma, tana narka masa tsoka da ɗumin mai, tana lanƙwasa ƙafar tana miƙewa a hankali. Duk curin da ta ba shi sai ya riƙe a baki yana ƙoƙarin tashi, ya faɗi. Sai da ta riƙa buɗe bakin da yatsa tana tura masa damammiyar dusa sannan wani abu ya shiga cikinsa. A nan hannunta ya kai ga muƙamuƙinsa, ta ji shi ma a ɗaure tamau, irin ɗaurin abin da ya daɗe yana riƙe da kaya ba tare da ya tauna ba.

Ranar da karen ya fara tsayawa da ƙafafunsa, ranar ce mai gari ya iso da kansa, Malami na bayansa da kulki, kansa a sunkuye.

“Larai, an yanke magana,” in ji mai gari. “Duk karen da ba shi da mai shi, yau za a kau da shi. Mutane na mutuwa da yunwa, ke kina ciyar da masu tone muna kusheyi.”

Ta durƙusa. “Ranka shi daɗe, ban da ta cewa kan abin da anka yanke. Amma jan ga ba ɓatacce na ba. Yana da mai shi.”

“Wa ya gaya miki?”

“Jikinai. Tafiya mai nisa yake yi kullum, zuwa da dawowa, da abinci a baki, shi kuwa cikinai ba komai. Wani yake kai mawa. A ba ni yinin yau, za ni bin shi. In ban samu kowa ba, Malami shi fara da shi.”

Mai gari ya dube ta ya dubi karen, ya ce Malami ya raka ta, kuma kada la'asar ta yi musu a daji.

Ta ba karen curin dusa. Ya karɓa, ya kama hanyar arewa yana tangaɗi. Suka bi shi cikin gonakin da suka zama fili, ta gefen ƙasusuwan shanu, ba tsuntsu ba iska. In ƙafar ta riƙe shi ya zauna, sai Larai ta tsuguna ta murza cinyar har ta saki, ya tashi. Malami ya ce bai gane inda suka nufa ba sai da ya hango busasshen gawon nan da bukkoki marasa jinka. Nan ya tsaya cak.

“Larai, Tungar Gawo ta. Mu koma.”

Bai rufe baki ba muryar ta taso. Daga ƙasa take fitowa, kamar ana magana a cikin tulu. “Bar su… bar su…”

Malami ya ce duk addu'ar da ya sani ta tsere masa. Larai ma ta tsaya a tsorace. Amma idonta na kan karen, ta ga kunnensa mai lafiya ya miƙe, jelarsa ta kaɗa a karon farko tun da ta san shi.

“Malami,” ta ce a hankali, “ba da mu ake ba. Sunan karen ga ke nan.”

Bar-su ya ratsa bayan wani rusasshen rumbu, ya tsaya a bakin tsohuwar rijiya da ƙaya ta rufe rabinta, ya saki curin a ciki. Suka leƙa. Can ƙasa, cikin duhu, idanu biyu na kallonsu.

Ashe mutum ne, sunansa Ɗanmusa, mahaƙin rijiya daga tsallaken iyaka. Ya zo shi kaɗai da karensa don ya zurfafa rijiyar ko Allah zai sa a dace, igiyar da ya ɗaura a gungume ta tsinke da shi, ƙafarsa ta karye. Da hannu ya riƙa tonon yashin gindin rijiyar, ɗan ruwa na tsattsafowa yana tsotsa. Ya yi ta kiran jama'a har muryarsa ta dushe, daga baya ya daina kiran kowa sai karensa. Malami ya koma gari a guje, ya dawo da maza da igiyoyi, aka fito da shi kamar tsumma. Dusar Larai ce ta riƙe ransa duk kwanakin nan, ita ba ta sani ba.

A zauren mai gari aka kwantar da shi, maɗori ya ɗaure ƙafar. Da ya samu bakin magana a daren ranar, mai gari ya ce masa ya gode wa Allah, don karensa ya yi kwanaki kwance a gidan Larai ko tsayawa ba ya iya yi, abin mamaki ne da yunwa ba ta ƙarasa shi a tsakanin ba.

Ɗanmusa ya dube shi da mamaki. “Ranka shi daɗe, wane kwanaki? Bar-su bai taɓa fashi ba. Kullum rana na tsaka ina ganin kainai a bakin rijiya, da kunnen nan guda, curi na faɗowa. Ko jiya ya zo.”

Jiyan da yake faɗa, rabin mutanen da ke wurin sun ga karen da idonsu a kan buhun Larai, ba ya ko iya ɗaga gindinsa. Liman ya ce mai yiwuwa zafin ciwo ne da duhun rami suka rikita masa lissafin kwanaki. Aka amsa da haka. Amma Malami, wanda shi ne ya sauka rijiyar ya ɗaura masa igiya, ya ce a gefen Ɗanmusa ya ga guntun curin dusa da aka gutsura, ban da wanda karen ya jefa a gabansu, kuma da ya taɓa shi bai gama bushewa ba. Ya rantse a kan haka a lokacin, bai kuma sauya maganarsa ba har yau. Da aka tambayi Larai, sai ta ce ita dai kare guda ta sani, kuma yana gabanta, sauran kuwa sanin Allah ne. Ba ta ƙara cewa komai a kai ba.

Ba a kashe kare ko ɗaya ba. Mai gari ya sa aka kewaye maƙabarta da ƙaya, mafarauta suka raba karnukan a tsakaninsu. Da Ɗanmusa ya warke ya koma Tungar Gawo da mutane, suka zurfafa rijiyar, ta ba da ruwan da ya riƙe unguwanni har damina ta sauka. Shi ya rasu da daɗewa, amma iyalinsa ba su daina aiko wa Larai gaisuwa ba.

Inna Larai, ke ce kika raba lomarki da halittar da ba ta iya roƙo, a shekarar da uwa ke ɓoye abinci ga ɗanta. Ke ce aka janye wa ƙwarya a bakin rijiya, aka yi wa raɗar maita, ba ki rama ba, ba ki kuma fasa ba. Tsoro ya kama ki a kufan nan kamar yadda ya kama kowa, amma kika tsaya kika dubi abin da ke gabanki. Mai hannun sanyi, ɗiyar maharbi, bayan farin ma ba ki huta ba. Karnukan farauta nawa aka kawo miki ana cewa sun ƙare, suka koma daji da gudunsu? A 'yan shekarun nan da baburan ɓarayin daji suka hana mu barci, karnukan da suka bi ta hannunki suna cikin masu tayar da mutane kafin masifa ta iso.

Mun gode, Inna. Allah Ya saka miki da alheri, Ya sassauta miki ciwon gaɓoɓin nan, Ya sa tausayin da kika yi wa marasa baki ya zama nauyi a mizaninki.

Ku kuma masu karnuka na Sabon Birni da Isa, ku daina jifan dabbar da ta gurgunce a bakin aikinku. Ku duba ƙafarta idan ta dawo daga daji, ku ba ta ruwa, ku bar ta ta huta. Matasanmu, aikin nan babu mai gadonsa har yanzu. Yatsun Inna Larai sun daina aiki, amma bakinta da idonta suna nan garau, kuma ta ce duk wanda ya zo, mace ko namiji, za ta ɗora hannunta a kan nasa ta nuna masa inda ake dannawa da inda ake ƙyalewa. Da aka tambaye ta me mai koyo zai zo da shi, dariya ta yi.

“Shi zo da hannu mai tsabta,” in ji ta, “shi baro gaggawa gida.”